Ranar da Aka Ɗauke Katin Barragán

Da safiyar Asabar, ana gobe wasan ƙarshe, Don Aurelio Scarponi ya shigo zauren kulob ɗinmu na Molino a garin Casilda, butar ruwan zafi a hammata, yana ta fito abinsa. Ya nufi akwatin gilashin da ya jera tsofaffin katunan 'yan ƙwallonsa tun jiya, saboda baje-kolin da masu tara kati suke yi duk ƙarshen shekara. Yana isa sai fiton ya ɗauke. A layin tsakiya akwai gurbi, kuma gurbin na Celestino Barragán ne.

Don Aurelio mai aski ne da ya yi ritaya, amma bakinsa bai yi ritaya ba. Yaron goye ma a unguwarmu ya san labarin katin nan. Barragán ɗan garin nan ne, ya taɓa buga wa wata babbar ƙungiya a Buenos Aires, har hotonsa ya fito a katunan da yara ke saye a ƙunshe a shagon bakin titi. A shekarar, nasa ne mai wuyar samu. Sai ka sayi ƙunshi har ka gaji ba ka gan shi ba. Aurelio yana firamare ya dace da shi, kuma da ɗan wasan ya zo gida ganin mahaifiyarsa, ya sa masa hannu da shuɗin biro: "Ga maƙwabcina Aurelio." Yanzu Barragán ya tsufa, amma shi ne kocin Estación, abokan hamayyarmu na can tsallaken layin dogo, waɗanda suka zuba mana biyu ba ko ɗaya a karon farko makon jiya.

Kafin 'yar sandan unguwarmu, Sajan Griselda Paniagua, ta iso a kan kekenta, zauren ya cika, kuma Don Aurelio ya riga ya yanke hukunci.

"Ba sai kin wahala ba, 'yata," in ji shi. "Ga ɓarawon nan a zaune."

Wanda ya nuna Don Fermín Ledesma ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, amininsa tun suna ajin farko. Shi kaɗai ne ɗan Estación da muke bari ya zauna a zaurenmu ba a ce masa uffan ba. Kundin katunansa na waccan shekarar ya cika tsaf, ban da gurbi ɗaya, kuma kowa ya san na waye.

"Shekara hamsin yana cewa wata rana zai sace shi," in ji Don Aurelio. "To ya cika alkawari. Ka ji ni da kyau, Fermín, in katin nan bai dawo ba kafin gobe da safe, kada in ga ƙafarka a teburin Lahadi."

Maganar ba ƙarama ba ce. Duk Lahadi da safe tsofaffin masu tara kati suna kafa tebur a ƙarƙashin bishiya a dandalin gari, su yi musanye, su yi gardama, su sha mate, shayin ganyen nan namu da ake zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya. Dokarsu ɗaya ce tak: wanda aka kama da sata ya bar wurin har abada. Tun da matar Don Fermín ta rasu, teburin nan ne kawai yake sa shi ya aske gemu ya goge riga. A lokacin ma ƙoƙon mate yana zagayawa, da ya zo kan Fermín sai Aurelio ya tsallake shi ya miƙa wa na gaba. A wajenmu gara ka mari mutum da ka yi masa haka.

Griselda ba mai yawan surutu ba ce. Ta jingine keke, ta zagaya akwatin. Ba a fasa makulli ba.

"Ina makullin yake kwana?"

"A ƙusar bayan kantar kicin," in ji mutane da yawa a tare.

"Wa ya san da haka?"

"Duk Casilda," wani ya ce, aka yi dariya.

Ta sunkuya tana duba sauran katunan. Akwai zagayayyun nan na kwali na zamanin kakanninmu, akwai na 'yan wasan ƙasa da sa hannunsu, duk suna nan ba wanda ya motsa. Sai ta ja da baya ta dubi gilashin kansa. Yana ƙyalli ta kowane gefe, har bayan da ke jikin bango. Ta kai hanci kusa, ta ji warin ruwan tsami.

"Don Aurelio, kai ka goge gilashin nan jiya?"

"Da bakin rigata dai, nan gaba kaɗai. Me ya haɗa gilashi da sata?"

Ta ja kujeru biyu zuwa lungun da ake ajiye kofunan da muka ci, waɗanda ba su da yawa, ta fara kiran mutane ɗaya-ɗaya.

Na farko Lisandro Kessel ne, dillalin tsofaffin katuna da ya zo daga Rosario don baje-kolin. Mutum ne mai turare da takalmi mai tsini, shi ya sa rabin zauren suka so a ce shi ne.

"Jiya kana nan?"

"Tun kafin azahar. Na shirya teburina, na tafi otal na kwanta."

"Ka ga katin Barragán?"

"Na gani. Don Aurelio ya nuna min shi har sau uku."

"Ka taya?"

Ya yi murmushi, ya rage murya. "Sajan, kada tsohon ya ji. Da ka fita daga garin nan ba wanda ya san wani Barragán. Ga shi kuma an rubuta sunan Aurelio a jiki ɓaro-ɓaro. Wa zan sayar wa? Da ni ɓarawo ne, zagayayyun can zan kwashe, ɗaya daga cikinsu ya fi Barragán goma."

"Akwai wanda ya yi maka tambaya a kansa?"

"Kowa farashi yake tambaya. Matar kicin ce kawai ta tambaye ni wani abu daban, wai mene ne ya fi lalata irin wannan kati. Na ce mata danshi. Danshi ne ke sa tawada ta malale."

Griselda ta sallame shi, ta kira Don Fermín. Ya zo yana jan ƙafa, tabaraunsa duk shatin yatsu kamar kullum.

"An ce an gan ka a nan jiya da rana, lokacin da kowa ya tafi barcin rana."

"An gan ni, ai ban ɓuya ba."

"Me ya kawo ka?"

"Kunya ce, 'yata. Na zo in dafa gilashin. Makon jiya kafin wasa na dafa katin a gidan Aurelio, muka ci ku. To kin san ba a canza abin da ya yi aiki."

Ta sani mana. Ita kanta rigar Molino da ke ƙarƙashin kakinta ba ta ga sabulu ba tun da muka fara cin wasanni, abokan aikinta har ƙorafi suke yi.

"Da wane hannu ka dafa?"

"Na dama. Na ci burodi da tsiren alade a hanya, hannun duk maiƙo, har na bar shati. Na ce Aurelio zai zage ni, na yi tafiyata."

"Ba ka goge ba?"

"Ni?" Ya cire tabaraun ya nuna mata. "Dubi wannan ki faɗa min."

Ta yi ƙoƙarin kada ta yi dariya. Sai ya dube ta, idonsa ya kaɗa.

"Griselda, na rantse da kabarin matata ban ɗauka ba. Eh, ina son katin. Amma ina jin daɗin tsokanarsa a kai fiye da yadda zan ji daɗin mallakarsa. In na ɗauke, me za mu riƙa faɗa a kai?"

Zafin Disamba, wanda a wajenmu lokacin bazara ne, ya fara dukan kwanon zauren. Griselda ta tashi ta nufi kantar kicin. A can Doña Pocha take, wadda ke riƙe da kicin ɗin kulob tun kafin a haifi yawancin 'yan wasanmu. Gajeriya ce, mai faɗi, muryarta ta fi ta alƙalin wasa, kuma ita kaɗai ce aka taɓa kora daga filinmu saboda ta jefi mai ɗaga tuta da takalmi. Yau kuwa ta yi laƙwas, tana ta goge kantar da ta riga ta goge.

"Doña Pocha, a taimaka min da ruwa mai ƙanƙara."

"Babu ƙanƙara, 'yar nan. Firiza ta lalace."

Ta miƙo mata ruwan famfo mai ɗumi. Griselda ta sha, tana leƙen cikin kicin ta saman kofin. Firizar tana nan a lungu, ɗan jan fitilarta a kunne, tana gurnaninta lafiya ƙalau. An ɗora mata buhun dankali a kan murfi. A kusa da tukwane kuwa ga kwalbar ruwan tsami da dunƙulen tsohuwar jarida.

Griselda ta ajiye kofin a hankali. Ta gane komai, kuma wallahi ba ta ji daɗin ganewar ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san camfin. In kana tsoron wani a ƙungiyar da za ku kara da ita, sai ka rubuta sunansa ko ka samo hotonsa ka jefa a firiza, ƙafarsa da kansa su daskare ranar wasa. Mahaifiyar Griselda ma ta sha yi, kana neman kaza ka ci karo da mai tsaron ragar wata ƙungiya. Yanzu ga kocin Estación sukutum yana kwance a ƙarƙashin buhun dankali, ga wasa gobe da yamma, ga ƙwallo biyu da ake binmu. Ba wanda zai zarge ta in binciken ya kai Litinin. Ta tsaya tana kallon firizar nan, zuciyarta tana ce mata ki yi shiru kawai, kwana ɗaya ne.

Sai ta ji ƙarar ƙarfe a bayanta. Don Fermín ne ya ciro kujerarsa mai naɗewa daga bayan ƙofa, wadda yake ajiyewa a kulob don teburin Lahadi. Ya saɓa ta a kafaɗa zai tafi da ita gida, bai yi wa kowa sallama ba.

"Don Fermín, dakata," in ji Griselda. "Don Aurelio, zo nan. Kowa ma ya matso."

Aka yi cincirindo a ƙofar kicin. Doña Pocha ta ja da baya har ta jingina da firizar, ta buɗe hannuwa kamar mai tsaron raga.

"Ba a fasa makulli ba," Griselda ta fara, "to na gida ne. An bar katunan da suka fi daraja an ɗauki wanda ba ya sayuwa, to ba don a sayar ba ne, dillali ya fita. Don Fermín ya bar shatin hannu mai maiƙo a gilashi jiya da rana. Yau babu shatin. Ke nan akwai wanda ya zo bayansa, ya buɗe akwatin, ya ga datti ya kasa haƙuri, ya goge gilashin gaba da baya da ruwan tsami da jarida. Ɓarawon da ke ɓoye sawu inda ya taɓa kawai yake gogewa. Wannan kuwa mutum ne da ba ya iya wuce gilashi mai datti ko da sata ya zo yi."

Idanu suka fara juyawa.

"Sannan me ya sa sai yanzu? Katin nan ya fi shekara hamsin a garin nan ba wanda ya taɓa shi. Abin da ya canza ɗaya ne, mai hoton ya ci mu makon jiya, kuma gobe zai dawo. Mutum ɗaya ce ta tambayi dillali abin da ke lalata kati. Kuma ana wannan zafi, firiza tana aiki, an ce min babu ƙanƙara. Doña Pocha, ɗauke dankalin nan."

"In kika buɗe kin kashe mu," in ji Doña Pocha. "Ke ma 'yar Molino ce, ina jin warin rigarki daga nan."

"Ni 'yar Molino ce. Ɗauke dankalin."

Doña Pocha ta dubi Don Fermín da kujerarsa a kafaɗa. Ta ture buhun da kanta, ta ɗaga murfin, ta zura hannu ƙarƙashin naman gashin gobe, ta fito da babbar kwalbar zuma cike da ɗanyar shinkafa.

"Makon jiya a takarda na rubuta sunansa," ta ce, "kun dai ga abin da ya faru. Takarda ba ta kama tsohon nan, taurin kai gare shi. Na ce sai an samu fuskarsa da rubutun hannunsa na gaske. Aro na yi, Aurelio, gobe da an hura tashi zan mayar maka. Leda uku na naɗe shi, shinkafar kuma don ta shanye danshi." Ta juya wajen Fermín. "Tun safe nake jin kamar in mutu da na ga abin da ake maka. Amma in na faɗa ai ya karye."

Don Aurelio ya karɓi kwalbar. Ya zazzage shinkafar a kan tebur, ya warware ledojin ɗaya bayan ɗaya, mu kuma ba mai numfashi. Barragán ya fito a cikin ɗan gidansa na roba, da gashinsa na samartaka, shuɗin rubutun nan ko ɗigo bai malale ba. Tsohon ya sumbaci robar, sanyi ya kama masa leɓe, zauren ya ɓarke da dariya da tafi.

Dariyar ba ta gama lafawa ba aka fara ƙus-ƙus.

"Don Aurelio, tunda dai bai lalace ba…"

"Kwana ɗaya ne fa, maigida."

"Ai ya riga ya fara daskarewa, kada a yi asarar aikin."

Har shugaban kulob, mutum mai digiri, ya matso yana cewa shi dai bai yarda da camfi ba, amma ba ya ganin illa a ciki. Ni ma, in gaskiya za a bi, ina cikin masu gyaɗa kai. Don Aurelio ya dubi firizar da ke buɗe tana hayaƙin sanyi. Mutumin nan ya yi kuka a fili ranar da muka sha kashi, kowa ya ga yadda hannunsa ya fara karkata wajen kwalbar.

Sai ya juya ya dubi ƙofa.

"Fermín," in ji shi, "na yi maka ƙazafi a gaban jama'a. Ni jaki ne."

"Wannan ba sabon labari ba ne," in ji Don Fermín. Bai sauke kujerar ba, bai kuma yi murmushi ba. "Tun muna ajin farko ka san ni, Aurelio. Ko tambayata ba ka yi ba."

Don Aurelio ya taka har ƙofar, ya miƙa katin.

"Riƙe min shi zuwa Litinin."

Don Fermín ya dubi katin, ya dubi amininsa. "Ka san abin da zan yi da shi?"

"Na sani."

"Ɗumama shi zan yi."

"Na ce na sani. Karɓi kafin in dawo hayyacina."

Don Fermín ya jingine kujerar a inda ya ɗauko ta. Ya ɓalle maɓallan rigarsa, ya zura Barragán ciki, ya manna shi a ƙirji ya dafe da tafin hannu. Hawaye na bin kuncinsa, yana dariya, yana cewa kai, sun kusa kashe min koci da sanyi. Doña Pocha ta zauna daɓas a kan buhun dankali ta ɗora hannu a ka. Griselda ta tambayi ko akwai mai shigar da ƙara, ba wanda ya kula ta, sai ta ɗebi ƙanƙara da kanta ta cika kofi.

Wasan kuwa, kada ku matsa min. Kofin yana can tsallaken layin dogo, iyakar abin da zan ce ke nan. Tsofaffin biyu sun zauna a ɓangarori daban-daban na fili, suka yi ta ɗirka wa juna zagi ta saman 'yan wasa har muryoyinsu suka dushe. Da aka tashi, Griselda tana tsaye a bakin ƙofa tana ba motoci hannu, ta gan su sun fito tare. Ta tambayi Don Aurelio ko ya yi nadama.

"Na yi mana," in ji shi da dusasshiyar murya. "Har in mutu ina yi."

Ya riƙo hannun Fermín, don gwiwar Fermín ba ta son gangaren nan, suka tsallaka titi a hankali.